Shekara Tara Yana Danna Anjima

Ina gona a Kademi ina cirar gyaɗa Nafi'u mai adaidaita ya kira ni. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Lawan, Yaya Sabi'u ya rasu." Na yi salati, na zauna a ƙasa. Sai ya ƙara da cewa, "Na rufe shagon. Ba wanda ya taɓa kwamfutar." Nafi'u ya san mutumin da muka rasa.

Ku da kuka san yayana kun san shagonsa na gyaran waya a kasuwar Gaya, kun kuma san gyaran wayar suna ne kawai. Ainihin aikin yana can baya: benci ɗaya, talabijin, hannun gem biyu da aka naɗe da salatif, da tsohuwar kwamfuta mai gem ɗin ƙwallo. Sau ɗaya tak ya taɓa haɗa ta da intanet. Tun daga ranar, duk sanda aka kunna ta sai rubutu ya fito: kamfani ya fitar da sabuntawa, a saka yanzu ko anjima? Sai Yaya Sabi'u ya yi bismilla, ya danna anjima. Shekara tara yana haka.

"Ka lura babu a'a," in ji shi. "Yanzu ko anjima. Kai, ko mai tallan maganin basir ka ce masa a'a, wucewa yake yi!"

Yana da dalilinsa. Ya buɗe cikin gem ɗin ya yi masa aikin da masu shi ba su so a yi. Ya kori ƙungiyoyin Turai gaba ɗaya, ya zuba Gaya da Kademi da Toranke, da fuskokin mutanen da muke gaisawa da su kullum. Sabuntawa ɗaya za ta share duk wannan, ba ta dawowa.

Kowace shekara Nafi'u ne ke kawo labarin sabon gem. Wata rana ya shigo da waya a hannu yana haki.

"Yaya, na bana ya fito! Wallahi har ciyawar filin motsi take yi."

"Madalla. Akuya zan kai kiwo a ciki?"

"Ai 'yan wasan har gumi suke yi."

"Sun yi wa mutum aski, sun canza masa riga, sun watsa masa ruwa a goshi, sun ce ka sake saye. Ni ma gobe zan yi wa Lawan aski in kai shi gida in ce wa Inna ga sabon ɗa."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne gem ɗin da ba ya tashi sai da intanet. Ya ce ka sayi jaki da guminka, amma kullum da safe sai ka kira wanda ya sayar maka ka nemi izinin hawa, ranar da babu sabis kuma ka tafi kasuwa a ƙasa. Sai waɗanda ke sayar wa ɗan wasa ƙarfi da kuɗi. Waɗannan ba ya ma kiran su kamfani, 'yan damfara masu ofis yake cewa.

To, a wata kaka shanun Malam Buba na Toranke suka shiga gonarsa suka cinye wake. Yaya Sabi'u bai kai ƙara wajen mai unguwa ba. Ya sa Malam Buba tsaron ragar Toranke a cikin gem ɗin, ya rage masa tsalle har ƙasa, ya rage masa gani. Cikin sati biyu dattijon ya kasa ratsa kasuwa, ko'ina sai a ce, "Malam Buba, jiya bakwai aka zura maka!" Ranar kasuwa sai ga shi a shago da sandarsa.

"Sabi'u, ni ban taɓa buga ƙwallo ba tunda aka haife ni. Amma ba za a ci ni bakwai ba."

"Waken ma bai taɓa shiga rugarka ba, Malam."

Washegari aka aiko da ƙwaryar kindirmo. Kafin la'asar Malam Buba yana tashi sama kamar shirwa. Na ce, "Yaya, wannan fa shi ne abin da kake zagin kamfani a kai." Ya suɗe ludayi ya ce, "Su kuɗi suke karɓa a ɓoye. Nawa nono ne, kuma a gaban jama'a na sha."

Mutum ɗaya ne bai taɓa rage wa komai ba: Baba, Allah ya jiƙansa. Ya yi wata guda yana gyara fuskarsa daga hoton katin zaɓe, har da tsagen kumatunsa, ya ba shi lamba tara a Kademi. Da Inna ta ji, ta ce a'uzubillahi, ba ta kallon wannan shirme. Wata Juma'a kuma ta ce in kai ta Gaya sayen manja. Da muka biya shagon, ta tsaya a bakin labule ta ga Baba ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo. Sai ta ce, "Malam bai taɓa gudu haka ba, ko ranar da rumbu ya kama wuta." Daga ranar, manjan gidanmu bai ƙara wuce sati ba.

Zazzaɓi ne na kwana huɗu ya tafi da Yaya Sabi'u. Nafi'u ya kawo adaidaita har ƙofar shago sau biyu don ya kai shi asibiti. Kun san amsar da ya ba shi. Wannan kam ban iya yi mata dariya ba tukuna.

Yanzu kwamfutar tana ɗakina. Ni boko na bai yi nisa ba, rubutun kuma da Turanci yake, amma na haddace wurin: na dama shi ne anjima. Duk da haka sai na duba sau biyu nake dannawa, don na san kuskure ɗaya zai tafi da Baba da aikin shekara tara.

Bayan sadakar bakwai Inna ta ce in kunna mata. Ina duba 'yan Kademi sai na ga lamba goma da ban sani ba. Fuskar ba a gama ta ba, ko gashi babu, amma hancin na Yaya Sabi'u ne. Gudu, tsalle, bugu, duk ya cika wa kansa har ƙarshe. Mai wa'azin adalci ke nan! Na yi dariya har sai da ta koma wani abu. Wurin suna kuwa fayau yake.

Shi ne ɗan farin Inna, ban taɓa jin ta faɗi sunansa ba. Ta matso, ta sa yatsa a kan talabijin, ta ce, "Ka rubuta wa yayanka sunansa, ya tsaya kusa da Malam."

Allah ya gafarta maka, Yaya Sabi'u. Allah ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Baba a inda ba a share kowa.

Na ce wa Inna to. Na tambayi Nafi'u, na tambayi masu gyaran waya biyu a Gaya, duk sun ce sai an haɗa ta da intanet su duba, ni kuma na ƙi. Lamba goma ta Kademi har yau ba ta da suna.