Kowane Yatsa da Wurinsa

Babanmu atamfa da shadda yake sayarwa a kasuwar Matameye, kuma ba da ido yake zaɓen kaya ba. Zai murza bakin yadi tsakanin yatsu biyu, yana kallon wani wuri dabam, ya ce wannan sitaci ne kawai, wanki ɗaya zai tona shi. Yana ji da yatsun nan nasa ƙwarai.

Ƙanwata ce ta yi nisa a boko cikinmu. Daga lakwal ɗin garinmu, wato makarantar boko, ta tafi Damagaram, daga can Yamai, har ta kai ƙasar waje inda take binciken ƙwaƙwalwa. Da ta zo hutu da damina, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, Baba ya ce ta faɗa masa aikinta da Hausar da zai gane.

Ta ce mutum suke kwantarwa cikin wata na'ura mai kama da ƙaton bututu, ana shafa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana ɗaukar hoton wurin da ya amsa a ƙwaƙwalwa. Ta buɗe salularta ta nuna mana ɗigo biyar a jere, kowanne da launinsa. Kowane yatsa da wurinsa, in ji ta, suna maƙwabtaka kamar yadda suke a hannu.

Baba ya daɗe yana kallo. "Kan wa ke nan?"

"Nawa ne, Baba. Ni na fara shiga."

Innarmu ta yi salati, ta jawo ta tana laluba mata kai, wai ko an bar tabo. Muka yi ta dariya.

Sai ƙanwar tawa ta karyo tsinke biyu daga tsintsiyar Inna, ta ce mu gwada jin yatsunmu. Mutum ya rufe ido, ta taɓa masa kan yatsa, ya faɗi ko tsinke ɗaya ne ko biyu. Da ta matso da tsinkayen kusa da juna, ni na fara faɗuwa. Baba ya gyara zama, ya ci uku, ya faɗi na huɗu. Ya ce tsinken ne ya lanƙwashe.

Inna, wadda ko gilashinta ba ta sawa in tana tsince tsakuwa a wake, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba.

Baba ya ce leƙe take yi. Da kansa ya ɗaure mata ido da ɗankwali, ya tsaya a kanta. Ta sake cinyewa. Ta kwance ɗankwalin, ta ce in an gama wasa a ba ta tsintsiyarta, tana da shara.