Agogon da Na Shanya a Rana

Har gobe dangin maigidana a Agiye cewa suke na yi asarar agogonsa. Su yi ta faɗa, baki nasu ne.

Tun zamanin gyaɗa na kuɗi ya sayo shi a Maraɗi. Agogo ne mai nauyi, lambobinsa na ba da koren haske a duhu. A wancan lokaci da wannan haske mazan garinmu ke auna darajar agogo. Ba ruwansu da sunan kamfani. Sai a cusa hannu cikin riga a leƙa, wanda nasa ya fi wuta shi ne babba.

Sai fari ya zo, damina biyu a jere. Muka cinye gero, muka cinye dusa, daga ƙarshe muka cinye irin shuka. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin ko ruwa ya sauka ba mu da abin zubawa a rami.

Akwai wani Alhaji ɗan Gazawa mai sayar da hatsi, mai son agogo kamar ransa. Nasa na ruwan zinare ne, kullum a naɗe cikin hankici a aljihu don kada ƙura ta taɓa shi. Ya taya namu tiya kaɗan, ƴan mudun hatsi ke nan, wai wutarsa ta mutu. Maigida mutum ne mai kunya, har ya fara kwance maɗauri. Daga bayan danga na ɗaga murya.

“Alhaji, a gwada su gobe. In naka ya hi wuta, ɗauki namu yadda ka taya. In namu ya hi, buhun iri za ka aje.”

Ya yi dariya. “Yaushe mata sunka san agogo?”

“Mun san yunwa,” na ce.

Ni ke ɗauke agogon nan in maigida zai yi wanka, saboda haka na daɗe da lura cewa ranar da ya wuni a gona ya fi haske. Washegari na ɗora shi a faifai na shanya bisa danga kamar kuɓewa. Maƙwabta suka ce yunwa ta taɓa mini kai. Na ce ranar da ta ƙone mana gero ita za ta biya mu.

Da la'asar Alhaji ya iso da shaidunsa. Na ce wurin gwaji rumbunmu, don babu inda ya kai shi duhu. Maigida ya sunkuyar da kai. Magidanci ba ya son baƙo ya ga cikin rumbunsa, mace kuma ba ta hawa rumbun gandu. Na ji tausayinsa, amma na kafa tsani na hau. Rumbun da babu ƙwaya ɗaya a ciki, wace doka ta rage masa?

Na zura agogon biyu cikin ƙwarya da igiya har ƙasa, na ja murfi na bar ƴar kafa. Ɗaya bayan ɗaya suka hau suka leƙa. Namu na ci kamar idon kyanwa. Na Alhaji, da ya kwana ya wuni a hankici, sai ka ƙura ido kafin ka gan shi.

Ya sauko yana kaɗe riga. “Wagga mata taka, Malam, sai Allah.” Amma ya ajiye buhun, ya tafi da agogon.

Daga baya wani malamin lakol, makarantar boko, ya ce agogon ya fi buhu goma, an cuce mu. Wataƙila. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin an shuka agogo ya tsiro.

Da ruwa ya sauka muka fita shuka, maigida na sara, ina bin sa ina zuba iri ina takewa. Can ya tsaya ya juya hannu don duba lokaci. Babu komai sai farin zobe a fata inda maɗauri ya zauna. Ya daɗe yana kallon wurin.

“Sara, Malam,” na ce. “Ƙasa na bushewa.”