Sule da ƙwayayensa

Shekara bakwai ke nan da muka kai Dakta Sule makwancinsa a nan Daura, kuma har yau ban daina kishinsa ba.

Aji ɗaya muka yi tun firamare, kuma sau da yawa ni nake gaba da shi a jarrabawa. Amma shi ya wuce jami'a a Zariya ya zama masanin dabbobi, ni kuwa na tsaya gida ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Bayan ya yi ritaya sai ya dawo gari da ɗan injin ƙyanƙyasa, ya kafa shi a zaurensa, ya riƙa haska ƙwai da tocila yana nuna wa yaran unguwa ɗan tsakon da ke motsi a ciki.

Can 'yata Rabi ta tare. Ni da na yi shekara da shekaru ina zana kaza a allo, ba ta taɓa yi mini tambaya ɗaya ba. Wata rana ta dawo da la'asar idonta na walƙiya.

"Baba, ka san da farko ba a gane ɗan tsako mace ne ko namiji? Baffa Sule ya ce akwai sinadarin da jikin macen ke fitarwa tun tana cikin ƙwai, shi ke gina mata jakar ƙwai ta hagu, ta dama kuma ta shanye. In aka tare sinadarin da allura, sai ta taso da zanko, wata har cara take yi."

Na ce mata na sani. Lallai na sani, yana cikin littafin da ke ɗakina. Ba dai daga bakina ta so ji ba. Da na yi wa Sule ƙorafi a bakin kasuwa, dariya ya yi.

"Malam, kai kana faɗa musu ne don su ci jarrabawa. Ni kuwa ban da abin yi sai kallon ƙwai."

Yanzu Rabi likitar dabbobi ce, masu kiwon kaji daga Baure har nan suke nemanta. Ta ce mini a wasu ƙasashe an ƙera na'urar da ke gane jinsin ɗan tsako tun kafin a ƙyanƙyashe shi. Nakan tambayi kaina abin da Sule zai ce. Ina jin murna zai yi, ya kwashi Rabi su wuni suna muhawara, ni ina gefe da butata.

Injinsa ya lalace tuni, zauren ma an mai da shi shagon caji. Abin da ya rage nasa yana gidana. Da Rabi ta haifi ɗanta na fari, na zauna ina jira in ji sunana a bakin liman. Sulaimanu aka raɗa masa. Kowa a gidan yana ce wa yaron Baffa don girmama mai sunan. Ni kaɗai nake kiransa Sule gatsal, kamar yadda na saba, kuma in ya ƙi amsawa nakan ji haushin nan na da ya taso mini, in kuma ji daɗinsa. Allah ya jiƙan abokina.