Jaridar Kawu Issufu a Takardar Siminti

Duk wanda ya san Kawu Issufu ya san ba ya wuce takarda a ƙasa. Ko tsire zai saya, sai ya fara duba takardar da za a naɗe masa. Maginan Tawa kuwa har ɓoye buhunan siminti suke yi in sun hango kekensa.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma a ajinsa na zauna, farkon samun mulkin kai. Sauran malamai hadda suke bayarwa. Shi kuwa duk Litinin sai ajinmu ya fitar da jarida: mu rubuta da hannu a takardar siminti, mu liƙa da ƙaro a bangon lakwal, wato makarantarmu. Darakta ya ce wasa ne, ya kai ƙara. Aka ce sufeto zai zo daga Yamai, in abin bai gamshe shi ba za a raba Kawu da ajin. Kawu ko a jikinsa.

Labarina na farko shi ne: "An kawo raƙuma da yawa kasuwa."

"Daga ina sunka hito?" in ji shi.

"Ban sani ba, Kawu."

"Nan babu Kawu, sai Mushe," wato Malam da Faransanci. "Kin ji ko? Koma ki tambayo. In mai su ya ƙi magana, tambayi raƙumin."

Da aka zo yi wa shanu allura, ya sa mu zana sanarwa don makiyayan da ba sa karatu. Saniyar da muka zana ta fito da kunnuwa zaƙo-zaƙo, ƙaho kuwa babu. Wani dattijon ƙauyen Takanamat da ya ga zanen ran kasuwa sai ga shi ya dawo janye da jakinsa a yi masa allura. Muka yi ta dariya har da hawaye.

"Mi kuka ma dariya?" in ji Kawu. "Mutum ya ga aikinku ya taso. Ku sa ƙaho kawai."

Ranar da sufeto ya iso, ya tarar da mutane cunkus a jikin bango, ni kuma ina bisa turmi ina karanta jaridar da Faransanci ina juya musu da Hausa. Ya tsaya har na gama. Ya kira uku daga cikinmu ya yi mana shifta, muka cinye. Sai ya sa hannu ya ɓamɓare jaridar.

"Yamai zan kai ta," ya ce, "malamai su ga yadda ake koyarwa."

Darakta ya sunkuyar da kai. Kawu ya gyara hula.

"Madalla. Amma in sun ƙare gani a maido min. Bayanta ba mu rubuta komi ba tukuna."

Ni ma malama na zama saboda shi. Ranar da ya rasu aka ce in rubuta sanarwa, na riƙe alƙalami na kasa. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi littafinsa a hannun dama.