Maƙalata da Ɗiyan Inna

Shekarun baya, ina sabon malamin labarin ƙasa a jami'a, wani ciwo ya kama ni wanda ba a sayar da maganinsa a kemis. Kullum da safe, ko shayi ban kurɓa ba, sai na buɗe shafin nan na intanet da ke nuna wa malami sau nawa masu bincike suka ambaci aikinsa a cikin nasu rubutun. A wurinmu wannan lambar ba abin wasa ba ce, ana duba ta in lokacin ƙarin girma ya zo. In ta ƙaru da ɗaya, ranar har mai gadi sai ya san ina cikin nishaɗi. In ba ta motsa ba kuwa, ɗalibai sun shiga uku.

Maƙala guda ce ke jan lambar tawa. Na yi ta ne a kan ƙauyukan da ke tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo. Wata da watanni ina bisa babur, daga Marnona zuwa Kwargaba har Shinaka, lokacin hanya na da lafiya. Da yake ba ni shiga gidajen mutane, ɗalibaina mata biyu, tashin birni, su ke shiga su tambayi kowace mata 'ya'yanta nawa, su rubuta a fom. Da na tattara sai na ga abin mamaki: yaran ba su kai yadda kowa ke zato ba. Nan take na ɗinka wa abin riga. Na ce maza na tafiya ci-rani, mota ta kusanto da birni, tunanin birni ya shigo ƙauye, don haka haihuwa ta fara raguwa. Na zana taswira mai launi, wadda ni kaina in na kalla sai in gyara zaman hula.

Abin ya karɓu ƙwarai. Masu nazarin birane da yawan jama'a suka yi ta kafa hujja da ni, har da waɗanda ko Goronyo ba su iya furtawa. Wanda ya fi faranta mini rai shi ne rahoton wata ƙungiya mai raba wa yara maganin riga-kafin zazzaɓin damina. Sun rubuta cewa da lissafina suka tsara rabon yankin. Na buga shafin na manna a ƙofar ofis, wai don ɗalibai su yi koyi.

Wata damina na je ta'aziyya wajen Kwargaba, ruwa ya tsare ni a wani ɗan asibitin ƙauye. Mai kula da wurin wata Kirista ce daga kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata. Ta daɗe a nan har Fulatanci ya zauna a bakinta. Da ta ji ko ni wane ne, sai ta jawo rahoton nan daga durowa.

"Dakta, ashe kai ne mai lissafin nan?"

Na gyara zama ina jiran yabo. Sai ta ce mini kowane zagaye maganin ƙarewa yake tun ba su kai ƙauyukan ƙarshe da rugage ba, kuma yaran da ke cikin littafinta sun fi nawa nesa ba kusa ba. Ta nuna mini ɗakin kwanciya, gadaje sun cika, wasu yaran a tabarma. Ni kuwa, don ƙarfin hali, na shiga yi mata lacca a kan ƙa'idojin bincike. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta tambaye ni ainihin tambayar da ke cikin fom ɗin. Na faɗa mata. Ta tambayi garinmu, na ce ƙasar Rabah. Ta tambayi ni ne na nawa a ɗakinmu, na ce ni ne babba.

"To ka je ka yi wa mahaifiyarka tambayar nan, yadda take a fom ɗin. In ka dawo sai mu ƙarasa gardamar."

Raina ya ɗan ɓaci, amma washegari na tafi. Na ishe mahaifiyata a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ƙanwata na taya ta. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, ɗiyanki nawa?"

Ba ta ɗago ba. "Mi yak kawo wagga tambaya?"

Na ce aiki ne. Ta ajiye gyaɗar ta fara lanƙwasa yatsu tana kiran suna, daga ƙanena mai bi mini har auta. Biyar. Ta koma ɓararta.

"To ni fa, Inna?"

Sai ta juya wajen ƙanwata kamar ba na wurin. "Ke, ji mini wanga. Karatun ga bai bar mashi kunya ba? Wa ka ƙirga na hwari?"

Ƙanwata ta yi ta dariya. Abin takaicin shi ne ba sabon abu na ji ba. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" nake a bakinta, saboda kunyar ɗan fari. Ana yaye ni aka kai ni gidan kakata, can na tashi. Duk na san wannan kamar yunwar cikina, amma da na zauna tsara fom sai na bar sanin a gida. Uwa ba ta faɗin ɗan farinta, balle mai ƙuruciya da ke gaban baƙi 'yan birni. Kakar da yaron ke hannunta kuma fom ɗina bai tambaye ta komi ba, don ta wuce haihuwa. Haka yaran suka faɗa tsakanin gida biyu, ni kuma na kira ramin da suka faɗa raguwar haihuwa.

Lokacin saura kaɗan in miƙa takarduna na neman ƙarin girma, kuma maƙalar nan ita ce ginshiƙinsu. Abokina da muke ofis ɗaya ya ce kada in yi wa kaina sakiyar da ba ruwa, in bari kwamiti ya zauna tukuna, gyara ba gudu zai yi ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, shawarar ta yi mini daɗi. Kusan mako biyu ina riƙe da ita. Har wata safiya na buɗe shafin na ga lambar ta ƙaru, kuma na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Abin da ya hana ni sakat shi ne tabarmin nan na asibiti. Ban tambayi Sista ko an rasa wani daga cikin yaran ba, don na ji tsoron amsar. Kuma na san za a tsara rabon damina mai zuwa tun kafin kwamitinmu ya zauna. Sai na rubuta wa mujallar, na rubuta wa ƙungiyar, na ce kuskure nawa ne, ga kuma inda yake. Na cire maƙalar daga takarduna, na ɓare shafin da ke ƙofar ofis. Abin da ya rage bai kai ba, sai da na jira wani zagayen ina kallon abokina ana yi masa barka. Ya yi mini zafi, ba kaɗan ba.

Da rani na koma ƙauyukan. Wannan karon ungozomomin garuruwan na roƙa suka yi tambayar, kuma aka shiga ɗakunan kakanni. Wata tsohuwa cikinsu ce ta ba ni tambayar da na ƙara a ƙasan fom: "Ban da wanda ba a hwaɗi?" Da aka tattara, raguwar haihuwar da ta yi mini suna ta ɓace ɓat. Ba ni da wani sabon labari da zan ba duniya, sai dai cewa yara na nan da yawa kamar yadda kowace tsohuwa ta sani. Damina ta zagayo, Sista ta aiko mini da saƙo cewa magani ya kai har rugar ƙarshe.

Har yau maƙalar farko ta fi gyaran samun masu ambato, nesa ba kusa ba. Duk wanda na ga ya kafa hujja da ita sai in aika masa da gyaran, wasu su amsa, wasu su yi shiru. Abin da na koya shi ne lambar nan ba ta san gaskiya da kuskure ba, yawan masu maimaitawa kawai take ƙirgawa. Ciwon safiyar nan ma ya yi sauƙi. Ban ce na warke ba, ina dai leƙawa ranar Juma'a.

A binciken nan na biyu da gangan na sa ƙauyenmu cikin jerin, na tura tsohuwar nan gidanmu. Da ta dawo ta ce Inna ta lanƙwasa yatsu biyar ɗin nan dai, ba ragi ba ƙari. Da ta yi mata tambayar ƙarshe, Inna ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta daɗe tana kallon ƙasa. Can ta ce a hankali, "Sa guda. Ai shi yat turo ki."

Fom ɗin na nan cikin durowata, da ɗan karan lamba ɗaya da tsohuwar ta ja da biro a ƙasansa. An ambace ni a ƙasashen da ban taɓa takawa ba, amma wannan ne kaɗai karon da na san Inna ta sa ni a lissafi.