Ranar da Na Ƙi Jan Littattafan Mahaifina

Akwai ranar da ba na jin za ta fita daga raina har sai an mayar da ni ƙasa. Ita ce ranar da aka kwashe littattafan mahaifina, Allah ya jiƙansa, daga gidanmu na Yakasai, na tsaya a bakin titi gaban jama'a na ce wa ƙaninsa a'a. Har gobe akwai dangin da in an ambace ni sai su ce, "Au, mai taurin kan nan?" Ba na musu. In aka maido ni wannan safiyar, abin da na yi shi zan sake yi.

Mahaifinmu malami ne, kuma abin da ya bari mafi daraja shi ne akwatunan ƙarfe cike da littattafai a soron gida. Da yawansu rubutun hannu ne, warwara, kowanne a cikin gafakarsa ta fata, gefen takardun cike da sharhinsa da ajami. A kan waɗannan takardu na koyi karatu. Da damina ta yi nisa a shekarar, katangar soron ta tsage, rufin ya fara yoyo. Sai aka yanke shawara a kai su gidan yayana, a wani gari kan hanyar Gwarzo, inda yake koyarwa kuma yake da ɗakin siminti. Baffa, wato ƙanin mahaifin namu, shi ne babba, shi ya ɗauki ragamar aikin.

Ni kuwa sana'ata fata ce. Ina ɗauko ta daga majema in kai kasuwar Kurmi, wani lokaci in zaga kasuwannin ƙauye. Saboda haka nake da tsohuwar mota da 'yar tirela mai taya biyu, irin wadda ake maƙalawa a baya. Na daɗe ina janta, na san halinta. In nauyi ya zauna a gabanta, ko a kan tayoyin, ƙasa-ƙasa, to wuyanta zai danne ƙugiyar motar, ta bi ka salin-alin kamar tunkiya. In kuwa nauyin ya koma bindinta, wuyan sai ya riƙa ɗaga bayan motar. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Sai ka hau babban titi ka ɗan taka, ta fara kaɗa bindi dama da hagu, kowane kaɗawa ya fi na baya, daga nan ita ke tuƙa ka. Na taɓa ganin haka da idona a hanya, wata tana ɗauke da injin wuta a can bayanta, ta yi ta wasa da motar da ke janta har ta kifar da ita cikin rami.

Lungunmu mota ba ta shiga, don haka na ajiye ta a bakin titi, aka riƙa fito da kaya a baro da kuma a ka. Ni aka bari a soro ina ɗaure gafakai, ina rubuta wa kowane akwati abin da ke cikinsa. Baffa yana can bakin titi yana nuna inda za a sa komai. A gidanmu kuwa, in ana tashi, littafi ne ke fita a ƙarshe, bayan an yi addu'a, don kada a ɗora masa komai kuma kada wani ya tsallake shi. Da wannan muka tashi, ni ma haka nake yi a ɗakina har yau.

Na fito bayan akwatin ƙarshe da hantsi, ina share gumi, sai na ga abin da ya tsayar da ni cak. An cika gaban tirelar da sauran kayan soron, katifu da tabarmi da buzaye da katakon kanta, duk kayan da ba su da wani nauyi. Akwatunan ƙarfen nan kuwa an jera su a can bindi, wani kan wani, an ɗaure su tamau, an rufe da tamfol. Bayan motata ya ɗaga kamar mutumin da ya yi ɗage. Inna, mahaifiyarmu, ta riga ta shige kujerar baya da jakarta a cinya, don ta ce sai ta ga inda za a ajiye littattafan mijinta da idonta.

Baffa ya shafa addu'a ya ce, "To, bismilla, ɗan nan. Ga hadari can yana haɗowa."

Na matsa kusa da shi na rage murya. "Allah ya gafarta Malam, a yi haƙuri, kayan nan sai an sake musu zama. Akwatunan su dawo gaba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Su dawo gaba, katifa ta hau kansu?"

"Ba abin da zai hau kansu. Katifun su jira, in dawo in ɗauke su."

"Kayan da aka yi wa addu'ar tafiya ba a sauke su," in ji shi. "Shiga mota."

Da a ce wani abu ne daban, da na shiga. Baffa shi ya yanka ragon sunana, kuma ban taɓa mayar masa da magana ba. Amma na kalli bindin tirelar nan, na kalli ƙeyar Inna ta gilashi, sai na zare makulli na sa a aljihun gaba na ce, "Wallahi Baffa, ba zan ja ta a haka ba."

Masu baro suka daina lissafin gajiyarsu suka juyo. Yayana, wanda ya zo da motarsa domin aikin, ya taso mini, fuskarsa a murtuke.

"Kai, da wa kake magana? A Kurmi ka koyo wannan?"

"A kan titi na koyo, Yaya. Ka dubi bayan motar."

"Na duba. Mota ce, tana tsaye."

"Tana tsaye ne shi ya sa."

Mai shayin bakin lungun, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ya leƙo daga rumfarsa. "Haba Malam ƙarami, littattafan Allah ne fa a ciki. Su da kansu ai tsari ne. Ja kawai, Allah ke kiyayewa."

Na ce masa, "Allah ke kiyayewa, shi ya sa ya ba ni ido. Kai in tukunyarka ta karkace a kan wuta, gyara ta kake yi ko addu'a kake mata?"

Wasu suka yi dariya, dariyar kuma ta ƙara ɓata lamarin, don Baffa ya ɗauka da shi ake. Ya ce, cikin muryar nan tasa da ba ta tashi sama, "Ashe na rayu na ga ranar da ɗan yayana zai koya mini girmama littafi." Maganar ta soke ni, har yanzu in na tuna ina jin zafinta. Na durƙusa a gabansa, amma ban ciro makullin ba. Na ce, "Ban isa ba, Baffa. Amma in na hau titi a haka, takardun nan a kwalta za a tsince su, in an samu mai tsinta."

Yaya ya ce, "To shi ke nan. Riƙe motarka, ka jiƙa ta ka sha. Tawa ma tana da ƙugiya." Ya juya ya nufi wuyan tirelar.

Na miƙe ina cewa, "Yaya, kada ka kwance! A sa dutse a taya tukuna, a riƙe bayan!" Bai saurare ni ba. Ya cire sarƙar, ya ja marufin ƙugiyar.

Abin da ya biyo baya bai kai ƙiftawar ido ba. Wuyan ƙarfen nan ya yi sama da kansa, ya wuce gefen fuskar Yaya har ya tafi da hularsa. Bindin ya daki ƙasa da ƙara. Akwatunan suka zamo a cikin igiyarsu, na saman ya sulluɓo daga ƙarƙashin tamfol. Ban san lokacin da na isa wajen ba, na tara masa kafaɗa, masu baro biyu suka kama ɗaya gefen. Duk da haka kusurwarsa ta taɓa ƙasa, murfin ya buɗe, gafaka ɗaya ta faɗo a ƙafar Baffa.

Ya sunkuya da kansa ya ɗauka, bai bari kowa ya riga shi ba. Ya kaɗe ƙurar da hannun rigarsa, ya buɗe ya duba. Takardun ba su watse ba, alhamdu lillahi. Yaya kuwa yana tsaye kai ba hula, yana shafa kumatunsa, yana ta innalillahi.

Sai muka ji muryar Inna ta tagar mota. Ba ta ko juyo ba. "Malam," in ji ta, "ɗan nan naka bai iya magana ba, tun yana ƙarami haka yake. Amma dai ni ce a cikin motar."

Baffa ya juya, masu baro ya kalla, ba ni ba. "Ku kwance." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "A shimfiɗa buzayen marigayi a ƙasa tukuna. Akwati ba zai zauna kan tsurar ƙarfe inda ake taka ƙafa ba. Kuma ko tsinke kada a ɗora a kai."

Haka aka yi. Muka sa duwatsu a tayoyi, muka mayar da wuyan kan ƙugiya, aka sauke komai. Aka shimfiɗa buzaye, muka jera akwatunan a ƙasa, ba wani kan wani, mafi nauyinsu a ɗan gaban tayoyin, sauran a kansu, dama da hagu daidai. Ban tura su can ƙurya gaba ɗaya ba, don in wuyan ya yi nauyi da yawa shi ma gaban mota yake ɗagawa, sitiyari ya yi sako-sako. Na ɗaure kowanne ta yadda ba zai motsa ba, na maƙala sarƙa, na duba iskar tayoyi. Da na ja da baya na kalla, motar da tirelar sun miƙe ɗoɗar a layi ɗaya. Katifu da katako muka mayar zaure. Baffa ya sake yin addu'a daga farko, ya shiga gaba ya zauna kusa da ni, gafakar da ta faɗi tana kan cinyarsa.

Mun fita ta wajen Goron Dutse. Na riƙa tafiya a hankali, masu gaggawa suna ta yi mini ham suna wucewa. Da muka yi nisa a babban titi, yayyafi ya fara, sai ga wata babbar mota ta taho da gudu ta gifta mu. Iskarta ta bugi tirelar, na ji ta ja bayan motar gefe. Ban taka birki ba. Na ɗage ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe. Ta madubi na ga ta girgiza sau ɗaya, ta dawo bayana ta natsu. Baffa ma ya ji, don na ga ya damƙe gafakar da hannu biyu. Sai da muka wuce wani ƙauye sannan ya ce, yana kallon gaba, "Gaskiyar uwarka. Ba ka iya magana da manya ba."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

"To ja mu je."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa kan lamarin ke nan har Allah ya karɓi ransa. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Ya ɗan jima yana amsa gaisuwata a taƙaice, na kuma jure, ina zuwa ina durƙusawa kamar kullum. Littattafan suna nan a ɗakin Yaya, a kan kanta, ba abin da ke samansu. Duk lokacin da na je nakan sauko da gafakar nan in buɗe, in ga rubutun mahaifina a gefe, tawadar ba ta ko dishe ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ladabi ga babba wajibi ne, amma wanda ke riƙe da sitiyari shi za a tambaya rayukan da ke bayansa, nan da kuma gobe kiyama. Baffa yana girmama littattafan, ni ma ina girmama su, sai dai shi yana duba abin da ke kansu, ni ina duba ko za su isa. Tun daga ranar, ko buhun fata zan ɗauka, sai na tsaya na ga inda nauyin ya zauna kafin in tayar da mota. In bai zauna daidai ba, ko wane ne ya ce in ja, makullin yana aljihuna.