Sau Goma Sha Tara

Har yau Saje ake ce masa, ko da yake shekara shida ke nan da ya ajiye kaki. Yanzu makullai yake yankawa a wata rumfa da ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba, bango ɗaya da shagon aski. Yana da inji mai ƙarar tsiya da kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta da waya, kuma yana da ra'ayi a kan komai, tun daga farashin taya har zuwa yadda ya kamata a tafiyar da ƙasa.

A bayan layin dogo aka haife shi, unguwar baƙar fata, inda gidaje ke jingine da juna. Ubansa ɗan dako ne a tasha, ya rasu da wuri ya bar masa uwa da ƙanwa ɗaya. Yana da shekara ashirin da biyu ya shiga aikin ɗan sanda, ba don sha'awar bindiga ba, sai don aiki ne mai fansho. Ranar da ya fara shigowa unguwa da kaki har mata suka leƙo ta katanga, domin a lokacin baƙar fata a cikin 'yan sandan birnin da yatsu ake ƙirga su. Da mijin ƙanwarsa ya rasu, shi ya ɗauki nauyin ɗanta, wani siririn yaro da ake kira Dogo. A gaskiya Saje ba mugu ba ne. Bai taɓa marin kowa ba a shekara talatin na aiki, kuma ya sha faɗar haka har mutane sun gaji da ji.

Yana tsakiyar aiki aka zaɓi wani attajiri magajin gari, wanda jama'a ke kira Mai Bene, don rabin dogayen gine-ginen tsakiyar birni nasa ne. Mai Bene ya zo da sabuwar doka: 'yan sanda su tsayar da duk matashin da ba su yarda da tafiyarsa ba, su caje shi, su cika kati da sunansa da adireshinsa da dalilin tsayar da shi. Kowane ɗan sanda kati goma a rana. Wanda bai cika ba ya manta da ƙarin girma. Ba a tura su unguwannin farar fata, don a can kafin ka gama rubuta sunan yaro lauyan ubansa ya riga ka isa ofis. Bayan layin dogo ake tura su.

Nan Saje ya ɓullo da dabararsa, wadda ya daɗe yana alfahari da ita. Shi ba ya son tashin hankali, saboda haka bai taɓa tarar 'yan daba na gaske ba. Da safe sai ya tsaya a inda ake jiran bas, ya riƙa kiran 'ya'yan mutanen kirki da ya sani. "Kai, ɗan gidan mai wanki, zo ka taimaki babanka ya cika takarda." Ko aljihunsu ba ya lalubawa. In rana ta yi nisa kati bai cika ba, sai ya biya gidan ƙanwarsa, ya sha shayi, ya rubuta Dogo. Wani lokaci ma Dogo ba ya gidan, to amma ai kawu ya san adireshi. A gurbin dalili ya rubuta "yana waige-waige," ya karanta musu, kowa ya yi dariya. A ganinsa ya yi wa kowa adalci, ofis ya samu adadin katin da yake so, unguwa ta zauna lafiya.

Shi kuwa Dogo tun yana ƙarami ba shi da buri sai aikin kwana-kwana. Ya yi gwajin gudu, ya yi na hawan tsani, ya rubuta jarrabawa, sai takarda ta zo cewa ba a ɗauke shi ba. Ranar Saje ya wanke shi tas a gaban uwarsa, ya ce kallon ƙwallo ya zauna yi lokacin da sa'o'insa ke karatu. Dogo ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Daga nan ya koma faci a bakin titi, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma har yanzu in ran uwar ya ɓaci rago take ce masa.

Bana Mai Bene ya fito takarar shugaban ƙasa. Hotonsa ya cika gari, kuma ya fito a talabijin ya ce dokar nan tasa an yi kuskure a cikinta, yana neman afuwa. Ranar Asabar da azahar gardama ta kaure a shagon aski, har tana danne ƙarar injin Saje.

"Sai da yake neman ƙuri'armu ya tuna akwai kalmar haƙuri," in ji mai aski. "Shekara takwas ana juye mana aljihu a titi."

Direban bas da ke kan kujera, rabin kansa a aske, ya ce, "Ka manta asibitin da ya gina? Kafin zuwansa wa ya isa ya fito da agogo a hannu a layin nan? Kuma mai kuɗi ne, ba zai saci namu ba."

"Mai kuɗi ne mana, shi ya sa ko tallar sabulu na kunna sai in ga fuskarsa. Mutum goma in an tsayar, tara irinmu ne. Laifi launin fata gare shi?"

"To a kira wanda ya yi aikin," in ji direba, ya buga bango. "Saje! Zo ka raba mu."

Abin da Saje yake jira ke nan tun ɗazu. Ya shigo yana karkaɗe garin ƙarfe daga rigarsa, ya tsaya a tsakiyar shago kamar yana faretin safe.

"Ku yara kuna magana a kan abin da ba ku sani ba. Ku dube ni da kyau, ni fari ne? Ni na yi aikin nan da hannuna, ban taɓa ko yatsan wani ba. Kati ne fa kawai, takarda ce ake zubawa a kwali ɓeraye su ci. Ɗan ƙanwata ma na rubuta shi ya fi a ƙirga. Me ya same shi?"

Aka yi dariya, ban da wani dattijo mai tabarau da ke jiran layi. Tsohon akawu ne a hukumar ɗaukar ma'aikata. Ya ninke jaridarsa a hankali.

"Saje, ba a kwali ake zubawa ba. A na'ura ake shigarwa, kuma mu ake turo wa. In mutum ya nemi aikin gwamnati muka ga sunansa ya fito fiye da sau biyar, ko shi ya zo na ɗaya, jan layi muke ja masa. Ba ma gaya masa dalili, haka aka umarce mu."

Mai aski ya kashe injinsa. Duk wanda ke shagon ya san Dogo, rabinsu shi ke yi musu faci. Babu wanda ya kalli Saje, kuma wannan ya fi masa zagi ciwo. Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ya fita, ya ja ƙofar rumfarsa da rana tsaka, ya bar makullin wata mata a maƙale a inji.

Ya tarar da Dogo a durƙushe gaban bahon ruwa, yana jujjuya tib yana neman inda iska ke fita. Mutum ne yanzu mai 'ya'ya biyu, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa.

"A'a, Kawu, lafiya da wannan rana?" Ya goge benci da tsumma ya tura masa.

Saje bai zauna ba. "Jarrabawar nan ta kwana-kwana. Ka ci?"

Dogo ya ci gaba da jujjuya tib ɗin a ruwa. "Na zo na uku."

"To me ya faru?"

"Na koma na tambaya. Wata mata a ofishin ta ji tausayina, ta juyo mini na'urar. Sunana ya fito sau goma sha tara, kowane layi da lambar ɗan sandan da ya rubuta. Lamba ɗaya ce daga sama har ƙasa. Ai na haddace ta, Kawu, ni nake goge maka ita ranar Lahadi."

"Na tsaya ina zaginka a gaban uwarka, kana sane, ka yi shiru?"

"In gaya wa wa? Mama ba ta da wanda take taƙama da shi a duniya sai kai. Gara ta ce ni rago ne." Wani mai babur ya danna oda, Dogo ya ɗaga masa hannu. "Don Allah ka bar maganar nan, Kawu. Ba da mugun nufi ka yi ba, na sani. Ya wuce."

Da ya zage shi da Saje ya samu abin riƙewa. Ya juya ya tafi, yana ratsa fastocin Mai Bene da aka manna a kowane turken lantarki, kuma a karo na farko bai ji yana da abin cewa a kan mutumin ba, na yabo ko na suka. Mai Bene dai ya ce a cika goma, amma bai taɓa jin sunan Dogo ba. Sau biyu Saje ya tsaya a mahadar da ke kaiwa gidansa. An ce masa ya bari, kuma bari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙafafunsa dai suka kai shi gidan ƙanwar.

Tana kan keken ɗinki ya shiga. Ta tashi da murna ta ɗora ruwan shayi, tana ba shi labarin ciwon gwiwarta, daga nan ta gangaro kan abin da ta saba.

"Ka ga ɗanka kuwa kwanan nan? Jiya ya zo, hannu baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Da ya ji maganarka, Yaya, ya yi karatu, da yanzu shi ma yana da kaki da fansho. Amma ina! Raggwanci."

"Zauna," in ji Saje. "Yaron nan ya ci jarrabawarsa. Na uku ya zo."

Ta tsaya da kofi a hannu. "To wa ya kayar da shi?"

"Ni ne."

Ya gaya mata duka, idonsa a kan ledar ɗaki, bai rage ko kati ɗaya ba. Ya jira ta yi ihu, ba ta yi ba. Ta ajiye kofin a gabansa a hankali, don kada ya zube.

"A ɗakin nan ka rubuta," ta ce. "Ina zuba maka shayi, ina dariya. Shekara goma sha ɗaya ina ce wa ɗana rago, yana ce mini to, Mama."

Ta jawo mayafinta daga kan ƙusa, ta zura takalmi, ta nufi bakin titi tana ɗingisa gwiwar. Ba ta ce masa ya jira ba, ba ta kuma ce ya tafi ba.